Kwamfutar Kawu Arzika

Ina da wani ɗan ciwo da har yau ba a samo maganinsa ba: idan ana yi mini bayani ban gane ba, kai nake gyaɗawa. Ko a makon jiya likita ya yi mini bayanin hawan jini, na gyaɗa kai har wuyana ya gaji, na fito ban san ko kafin abinci ake shan ƙwayar ba ko bayansa. Matata ta ce da gyaɗa kai sana'a ce, da tuni na sauke farali.

To da wannan kan na buɗe shagon gyaran kwamfuta a Magama, bakin iyakar Jibiya, a shekarun da shari'a take sabuwa, lokacin ina da suma kuma ba ni da tumbi. Ilimin nawa na 'yan watanni ne a wani shago a Katsina, inda maigidana yake buɗe cikin kwamfuta yana bayani, ni ina riƙe masa tocila ina gyaɗa kai.

Kayan shagon ba su da wuyar lissafi. Tebur, benci, sikundireba, da tsohuwar kwamfuta guda da maigidan ya sallame ni da ita. Kullum da safe sai in kwance ta, da la'asar in ɗaure ta, don masu wucewa su ga ana aiki.

"Zunnuraini, rediyon Inna ya sake lalacewa."

Luba ce tsaye a bakin taga cikin hijabinta ruwan toka. A lokacin, budurwa ta tsaya hira da saurayi a bakin titi abin magana ne, don haka ta samo dabara. Sai ta juya batir ɗin rediyon mahaifiyarta, ta kawo gyara. Ni kuma in buɗe, in ɓata fuska kamar mai fiɗa, in yi ta juye-juye muna hirarmu. Rediyon nan shi kaɗai ne kwastoman da ya taɓa dawo mini.

Ranar ba ta miƙo shi ba. Ta rungume shi a ƙirji.

"Kawu zai zo ranar Lahadi."

"Zai zo ina?"

"Nan. Shagonka. Ya ce bincike zai yi da idonshi."

Kawu Arzika ƙanin mahaifinta ne, shi ya riƙe su tun rasuwar babanta, kuma shi ne waliyyinta. Fiton motocin Kwatano yake yi ta Maraɗi, mutum ne da ko 'yan duwan, wato kwastan na wancan ɓangaren, sukan gyara tsayuwa idan sun hango hularsa. Kowa ya san ba a ba mutum 'ya sai an binciki asalinsa da halinsa da abin da zai ciyar da ita. Amma a bayan ido ake yi, a tambayi maƙwabta da liman. Ban taɓa jin wanda aka zo aka zauna masa a kai ba.

"Ya ce ya tambayi Magama kaf mi kake yi, ba wanda ya iya faɗa mashi," in ji Luba. "Wasu ma cewa suka yi gidan kallo za ka buɗe a ɓoye, tunda an rufe na gari."

"Ni? Gidan kallo?"

"Zunnu, tsakaninka da Allah... kwamfuta nawa ka gyara tun da ka buɗe?"

"Ai ita wannan harkar, farkonta sai an wayar da kan jama'a..."

"Nawa?"

"Akwai wanda ya kawo dutsen guga."

Ta runtse ido. Na ga hawaye ya gangaro ya tsaya a bakin hijabin.

"Haba hasken idona, kar ki yi mini haka a bakin titi."

"Kai ba ka san Kawu ba. Ba shi maimaita magana. In ya ce a'a, Maraɗi zai tura ni wurin Gwaggo, wai in koyi ɗinki in manta. Kuma zan tafi, Zunnu. Ban iya saɓa mashi. Lokacin da kowa ya watse ya bar mu, shi ya tsaya."

"Za ki iya mantawa da ni?"

"Wannan tambaya ce?" Ta share ido da bayan hannu. "Ɗinkin zan iya. Ɗayan ne ban sani ba."

Ta juya ta tafi da rediyonta, batir a juye.

Ranar Asabar da hantsi ina tsaka da kwance kwamfutata sai na ji sallamar da ta sa sikundireba ya faɗi daga hannuna. Baba ne, Malam Rabe, ya tuƙo kekensa tun daga ƙauyenmu Daddara.

Mu gidanmu gandu ake yi. Uba da 'ya'yansa gona ɗaya, rumbu ɗaya. Da na nace sai na gwada sana'ar zamani, Baba bai hana ni ba, sai ya ce rani ya ba ni aro, damina tasa ce. Ga shi ruwa ya sauka, an yi shuka, ni kuma na yi kamar ban ga hadari ba.

Ya zauna a gefen benci kamar mai tsoron ɓata shi. Ya dubi hanjin kwamfutar a baje a kan tebur.

"Ta wani ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Jiya ma Filemon mai faci ya ce ya gan ka kana gyaranta. Ba ta jin magani halan?"

Na sunkuya na ɗauki sikundireban da ya faɗi, shi kuma ya ci gaba.

"Yayanka Lawwali ya faɗo daga amalanke. Ƙafa ta karye, an ɗaure."

"Innalillahi... yaushe? Me ya sa ba a aiko ba?"

"Ga shi na zo."

Bai ce in koma ba. Da ma ya faɗa, da na sami abin yin gardama da shi. Hannuwansa kawai ya ɗora a kan gwiwa, na ga tafin ya yi kanta ya fashe, ya ɗaure babban yatsa da tsumma. Mutumin da ya kamata a ce yana zaune a inuwa ana kawo masa fura.

"Ciyawa ta fara cin geron," ya ce, yana kallon ƙasa.

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ba ni gobe. Gobe kaɗai. Akwai... akwai baƙon da zan yi."

Ban iya faɗin wane baƙo ba. Ɗa ba ya zancen aure da ubansa, shi ma uban ba ya yi da ɗansa. Sai ya dube ni wani iri, kamar zai yi murmushi ya fasa.

"Gobe kasuwa ce, dama zan kwana gidan Filemon in sayi hauya. Na biyo ta nan in na gama."

Da zai hau keke na ga kwalin sukari irin na Nijar ɗaure a baya, ya ce zai kai wa iyalin Filemon rabi. Na tambaye shi ina ya samu.

"Baƙo na yi," ya ce, ya taka feda.

Asubar Lahadi na roƙi Allah abubuwa da yawa. Na roƙi kwastoma ko da guda. Na roƙi kar a ɗauke wuta. Aka ɗauke tun kafin rana ta fito, na je na aro janaretan mai aski.

Kawu Arzika ya iso da hantsi cikin wata doguwar mota mara lamba. Ya buɗe but da kansa, ya ciro kwamfuta, ya dire ta a kan teburina.

"Kai ne Zunnurainin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wagga ordinatar cikin but ɗin wata mota na tsince ta, daga Amirka ta fito. Tun da ta zo ba wanda ya taɓa ta. An ce kai likitansu ne. Tada ta mu gani."

Ya zauna a benci, ya harɗe ƙafa, ya ɓare goro.

Ranar kasuwa ce, kuma a Magama ba a buƙatar gayyata. Kafin in warware waya, ƙofar shago ta cika: 'yan canji, 'yan kabu-kabu, direbobin da ke jiran a buɗe musu shinge. Can sai mutane suka dare, wani ustazu daga kwamitin da ya rufe gidajen kallo ya shigo da sallama. Mutum ne mai fara'a, ya ce shi ba komai ya kawo shi ba, yana so ne ya ga abin da ke fitowa a gilashin kwamfutar. Ya tsaya daidai inda zai gani da kyau.

Ta taga kuma na hango hijabi ruwan toka, da rediyo.

Na juya kwamfutar don in soka mata waya. A bayanta, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai wani ɗan jan makunni, ƙarami kamar ƙwayar wake, da lamba a jikinsa. Na dube shi. Shi ma ya dube ni. Wani abu ya motsa can cikin kaina, kamar na taɓa jin an yi maganarsa wata rana ina riƙe da tocila.

"Ka san irin ta dai ko?" in ji Kawu.

Na gyaɗa kai.

Aka ja janareta. Na ce bismillah, na soka waya, na danna.

Ƙarar ba ta kai ta bindiga ba, amma wani ɗan canji sai da ya bar takalminsa a shagon. Hayaƙi ya fito ta bayan kwamfutar, siriri, a natse, kamar na turaren wuta. Wari ya cika ɗakin.

Sai wani direba ya ɗaga murya daga baya.

"To, ta tashi kam. Sama ta yi."

Aka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ci gaba da tauna goronsa yana kallona, irin kallon da yake yi wa motar da aka ce masa lafiyarta ƙalau.

A daidai lokacin maganar maigidana ta dawo mini tsaf, har da muryarsa. Kayan Amirka wutarsu rabin tamu ce. Kafin ka soka, ka tura jan makunnin nan zuwa wutarmu, in ba haka ba ka gasa ta. Ya faɗa, na gyaɗa kai, ina tunanin abincin rana.

Na dafa tebur. Da na ɗaga ido sai na ga Baba a bakin ƙofa, sabuwar hauya a kafaɗa, ya ga komai. Na ga Maraɗi, na ga keken ɗinki, na ga kaina ina tsufa a kunyar gero ina ba jikokin Lawwali labarin yarinyar da na ƙona da hannuna.

"Kawu."

Muryar Luba ce, ta taga, a gaban maza cike da shago.

"Kawu, don girman Allah... ko ta tashi ko ba ta tashi ba, shi mutumin kirki ne. Bai taɓa..."

"Lubabatu." Bai ko juya ba. "Wa ya aiko ki?"

"Rediyon Inna..."

"Rediyon da ke lalacewa duk sati? Na san da zamanshi. Wuce gida."

Ba ta wuce ba. Ta ja baya kaɗan ta jingina da bango, na ji kukan da take dannewa. Wannan kukan ne ya tashe ni tsaye.

"Ranka ya daɗe, ba ta zo da ciwo ba. Ni na ƙona ta."

"Ai muna nan."

"Ka ba ni dama in gyara abin da na ɓata."

"Da mi?"

Na dubi kwamfutata, wadda na ɗaure da asuba na goge ta da tsumma don baƙi. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ke karɓar wuta ya raba wa sauran sassa. Shi ne ya ƙone a ta Kawu. Irinsa sai Kano, kuma ba ni da halin zuwa Kano. Guda ɗaya ne a Magama, yana cikin tawa. In na cire shi, shago ya zama tebur da benci.

Abin da zan faɗa wa kaina na yabo a duk labarin nan ɗaya ne: wata da watanni ina kwance kwamfutar nan ina ɗaurewa don riya, har hannuna ya haddace ta. Na buɗe ta ko dubawa ban yi ba. Na zare akwatin, na buɗe ta Kawu, na cire ƙonannen, na dasa nawa. Zufa tana ɗiga a kan hannuna. Wani noti ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci, Baba ya sunkuya ya ɗauko, ya miƙo mini.

"Malam Rabe, ya mai jiki?" in ji Kawu.

"Da sauƙi, Alhaji."

Na ji su sarai. Hankalina yana kan waya, ban tsaya tambayar kaina inda suka san juna ba.

Na haɗa ta da gilashina. Kafin in danna sai wani sabon tsoro ya kama ni. Kwamfutar wani Ba'amirke ce da ban san halinsa ba. Allah kaɗai ya san hoton da ya ajiye a fuskarta, ga ustazu tsaye ya gyara tabarau. In ta ƙi tashi na rasa Luba. In ta tashi da abin kunya, na rasa Luba na kuma kwana a hannun hukuma.

Na danna.

Fanka ta juya. Ta yi ɗan tari, ta yi ƙara ɗaya siririya. Gilashin ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya daɗe yana tunani. Ni kuwa duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga wani tudu kore shar, sama shuɗiya da 'yan gizagizai. Ba mutum, ba dabba. Ciyawa kawai.

Ustazu ya leƙa, ya ƙara leƙawa, ya ce, "Masha Allah, ikon Allah," ya yi sallama ya fita, kamar ma da ɗan jin an ɓata masa lokaci.

Baba ya matso da hauyarsa, ya ƙura wa gilashin ido.

"Wannan gonar wa ce?"

"Hoto ne, Baba. Ƙasar Turawa."

"Ƙasa mai kyau haka, ga ruwa ya samu, an bar ta ciyawa ta cinye." Ya girgiza kai. "Shi ma halan ɗanshi birni ya tafi."

Wannan karon har Kawu sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kawu ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya sa aka mayar masa da kwamfutar but. Na bi shi har mota ina jiran kalma ɗaya, i ko a'a.

"To, madalla," ya ce, ya ja mota.

Na koma na kulle shagon. Ba wanda ya ce in kulle. Gawar kwamfutata na kan tebur, hauya na kafaɗar Baba, lissafin bai da wuya.

Luba tana nan jingine da bango, idanunta sun yi ja.

"Za ka tafi?"

"Baba shi kaɗai ne a gona."

"Na sani. Da ka zauna ma da na raina ka." Ta gyara riƙon rediyon. "Mi Kawu ya ce?"

"Madalla."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Zunnuna... in aka kai ni Maraɗi..."

"Zan zo da keke. Ko 'yan duwan za su kwance shi su ƙirga wayoyinsa."

Ta yi dariya cikin kuka. Sai ta miƙo mini rediyon.

"Riƙe. Can ba ka da abokin hira."

"Inna fa?"

"Inna ta ce ita ta gaji da rediyon da ba shi kwana biyu lafiya."

Na juya batir ɗin a gabanta, ya kama magana. Baba yana can gaba ya ba mu baya, yana duba tayar keken da ba abin da ya same ta.

Daminar nan na yi noma kamar wanda ake bi. Hannun da ya saba da sikundireba ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai in ce an zo gaya mini an wuce da ita. Baba bai ce mini uffan ba. Sai da gero ya fara fitar da kai, wata rana muna cin tuwo, ya ce wa Lawwali, ba ni ba, a fara gyara ɗakin kudu, bayan girbi za a kawo amaryar ƙaninsa.

Na ƙware da tuwo sai da aka bubbuga mini baya.

An ɗaura aure bayan girbi. Da aka kawo ta, abin da ta fara tambaya shi ne ina rediyonta. Daga baya na sake buɗe shagon, yana nan har yau, ko da yake wayoyi sun fi yawa a ciki. Kuma shekara da shekaru ba taron suna ko na ɗaurin aure da ban ba da labarin yadda na ci jarrabawar Kawu Arzika ba, yadda na cire zuciyar shagona na dasa don in sami matata. Har Kawu ya koma ga Allah bai taɓa ƙaryata ni ba. In ina bayarwa a gabansa, goro kawai yake tauna.

Bana aka zo neman 'yarmu Rabi'a. Na ce wa Luba yaron nan sai na gwada shi kamar yadda aka gwada ni, don aure ba wasa ba ne.

Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Wane gwaji?"

"Na kwamfuta mana. Ko kin manta?"

"Malam, ka tuna sukarin Nijar a keken Baba?"

Na gyaɗa kai. Wannan karon ta san ban gane ba, sai ta ajiye faifan.

"Ni ma sai bayan biki Inna ta gaya mini, na ga labarin na yi maka daɗi na ƙyale ka. Tun ranar Alhamis Kawu ya je Daddara, ya ga gonarku, ya ga rumbu, suka gama magana da Baba har aka ci goro. Kwamfutar kuwa, ya ji an ce suruki ba shi karɓar ladan gyara."